Gyaran Tsohon Gida Alhali Kuna Ciki: Me Za a Fara, Me Za a Bari Ƙarshe

Gidan da mahaifinmu ya bar mana a unguwar Yelwa ta Garwa ginin ƙasa ne, ɗaki biyar da zaure, uku rufin kwano, biyu soron azara. Da muka yanke shawarar gyara shi, ba mu da inda za mu kai mahaifiyarmu da iyalina da ƙannena biyu, kuɗin hayar wata shida kuwa gara a sayi siminti da su. Sai muka yi aikin muna ciki. Ya ci mu rani biyu, na kuma yi kuskuren da ya sa na biya aiki ɗaya sau biyu. Abin da ya zame mini darasi shi ne, tsohon gida ruwa ke kashe shi, ta sama da ta ƙasa, don haka duk kuɗin da ka kashe kafin ka tare ruwan nan, ka ɗauka ka ba damina sadaka. Ga yadda zan bi aikin da yau zan sake farawa.

Na farko: magana da takarda

Idan gidan gado ne, kada ka sauke ko baron yashi ɗaya sai kun zauna da magada. A faɗa a fili: kuɗin da za ka zuba kyauta ne, ko bashi ne a kan gadon, ko kuwa za a ƙara maka a rabonka ranar da aka zo rabo? A rubuta, kowa ya sa hannu, a samu shaidu irin su liman da jauron unguwa. Yau kowa na cewa “ai kai ne babba, yi kawai,” amma ranar da gida ya yi kyau ya yi daraja, bakin zai canja, kuma sau da yawa ba ’yan’uwan ne ke tayar da maganar ba, ’ya’yansu ne.

Ka nemo takardun filin ka gani da idonka. A Kamaru takardar da hukuma ta sani a matsayin shaidar mallaka ita ce titir fonsiye, yawancin tsofaffin gidajenmu kuwa ba su da ita, sai takardar ciniki da aka yi gaban sarki ko mai unguwa. Yaɓe da canjin kwano ba su cika jawo magana ba, amma in za ka rushe katangar da ke bakin titi, ko ka ƙara ɗaki, ko ka ɗora bene, je ofishin magajin gari ka tambayi izinin gini tun kafin a zo a shafa maka jan fenti a bango. Maƙwabcin da kuka haɗa katanga shi ma ka same shi har gida, domin rabin katangar nan tasa ce, kuma ta gefensa ne magini zai tsaya wata rana.

Na biyu: ka bar damina ta nuna maka ciwon gidan

Ba a gane lafiyar gida da rani. Garwa na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, watan Agusta kuwa shi ne alƙali. Ranar da aka kwana ana ruwa, ka ɗauki alli ko gawayi ka zaga ɗaki-ɗaki. Ka zana da’ira a duk inda ya ɗiga, ka ja layi a iyakar inda danshi ya hau bango daga ƙasa, sannan ka fita tsakar gida ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi ya fita, in yana fita. Waɗanda gidajensu ke gangaren kogin Binuwai ba sa bukatar a tuna musu ambaliyar 2012, shekarar da ruwan sama ya haɗu da wanda aka saki daga madatsar Lagdo. In alamar ruwan wata shekara na nan a bangonka, daga nan za ka auna tsayin da daɓenka zai kai.

Tsagewar bango iri biyu ce, wadda ta tsaya da wadda ke tafiya. Don ka rarrabe su, ka kwaɓa ɗan siminti, ka liƙa shi siriri a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata biyu ko uku liƙin ya tsage, bangon na motsi, kuma ciwon yana harsashi, cike tsagar ba zai yi komai ba. Wannan ya fi yawa a wuraren baƙar ƙasa mai danƙo irin karal ɗin da ake noman muskuwari, wato dawar rani, a yankin Marwa, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, tana jan harsashi sama da ƙasa kowace shekara. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko bangon da ya yi ciki ya turo waje, waɗannan ka kira wanda ya karanci gini ya duba. Gara ka biya kuɗin ganinsa da ka zubar da siminti a banza.

Sai itace. Ka hau da sukundireba ka soki kowace azara da kowane katakon rufi, musamman ƙarshen da ya shige cikin bango, don nan gara da ruɓa ke farawa. Azarar giginya tana da taurin da gara ba ta cika iya mata ba, za ka iya samun ta kakanka lafiya lau, ka tarar da katakon da aka sa shekara goma da suka wuce ya zama gari. Kada ka yarda a fitar da azara mai lafiya don kawai ta tsufa.

Na uku: lokaci, da yadda za a raba gidan

Aiki ya fara a watan Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta sha iska. Duk abin da ya shafi buɗe rufi a gama shi kafin ƙarshen Afrilu, domin guguwar farkon damina ba ta sallama. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwano da katako su iso kafin a cire ƙusa ɗaya. Katako daga kudu yake zuwa, wani ta jirgin ƙasa zuwa Ngawundare sannan a ɗora a mota, saboda haka yakan yanke a kasuwa ko ya tashi ba zato. Siminti da sauƙi, tunda ga masana’antar Figil nan kan hanyar Marwa. Ka kuma sa a ranka cewa a Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, lebura ba ya iya yinin aiki, kankare kuma yana bushewa kafin ya kama. In azumi ya faɗo cikin lokacin, aiki daga asuba zuwa hantsi ne kawai, kada ka yi lissafin fiye da haka.

Yanzu ga abin da ya bambanta gyaran gidan da mutane ke ciki da sabon gini. Ba a buɗe ɗaki biyu lokaci guda. Ka zaɓi ɗakin da ya fi lalacewa, ko wanda ba kowa a ciki, a gama shi tsaf har ƙofa da makulli, a mayar da mutane ciki, sannan a buɗe na gaba. Maginai ba sa son haka, sun fi son a kware gidan gaba ɗaya su bi layi, kuma gaskiya hakan ya fi sauri da araha. Amma ranar da kuɗi suka tsaya, kuma za su tsaya, wanda ya bi ɗaki-ɗaki yana da wurin kwana, wanda ya kware duka yana kwana ƙarƙashin tamfol.

Banɗaki da madafa kada a taɓa su sai an yi na wucin gadi. Rumfar zana da murhu a kusurwar da ƙura ba ta kaiwa ta isa girki. Masai kuma, in za a haƙa sabo, a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a ƙara, kuma kada a cike tsohon sai sabon ya fara aiki.

Akwai kuma maganar sutura, wadda mu maza kan manta. Gidan da mata ke ciki, a ce ƙarti shida suna shige da fice daga safe har la’asar, ba ƙaramin takura ba ne. Kwana uku da fara aiki mahaifiyata ta kira ni ta ce, “Kai, yanzu ni da gidana sai na yi lulluɓi kafin in ɗebi ruwan alwala?” Na ce, “Ki yi haƙuri Inna, gobe za a gyara.” Washegari muka kafa zana muka raba tsakar gida biyu, muka fasa wata ’yar ƙofa ta baya wadda dama za a toshe daga baya, ma’aikata suka riƙa bi ta nan. Da na yi wannan tun ranar farko da na huta. Zanar nan kuma ita ce iyakar yara. Duron ruwa a rufe shi kullum, domin yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ramin da aka haƙa a rufe shi da falanki kafin magariba, a tsince ƙusoshi kowace yamma. Ranar rushe bango ko kankare tsohon fenti, tsofaffi da masu asma da jarirai su wuni gidan ’yan’uwa, a yayyafa ruwa kafin a fara duka. In rufinka na tsohon falle ne mai launin toka irin na asbesto, kada a fasa shi ko a yanka shi a bushe, ƙurarsa na illata huhu. A jiƙa shi, a sauke shi ɗaya-ɗaya lafiyayye.

Na huɗu: magini da kaya

Ka ga aikin da magini ya yi shekara uku da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko ya san ginin ƙasa, domin da yawa daga matasan yanzu bulo kaɗai suka iya, duk abin da suka gani na ƙasa maganinsu ɗaya ne, a rushe. Ku yi jinga a kan kowane aiki daban: rufin ɗaki kaza, kuɗi kaza, a biya kashi uku, na farawa, na tsakiya, na gamawa. Kuɗin yini yana sa aiki ya yi ta jan ƙafa, biyan komai a gaba kuma yana sa ka riƙa neman mutum a waya. Kaya ka saya da kanka, ka riƙe littafi. A kan duk lissafin da kuka yi ka ware ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, domin tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin abin da ya ɓoye.

Siminti a jera shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kuma kada ka tara fiye da na wata guda. Buhun da ka ji dunƙule mai tauri a ciki ya sha danshi, mayar da shi. Yashi kuma ka gwada: zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a saman yashin, ba na kankare ba ne. Bulo in za a buga maka a gida, buhu ɗaya mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 na santimita 15, a kuma shayar da shi mako guda a inuwa. Wanda ya ce zai fitar maka da hamsin, araha ce da ba ta ado.

Na biyar: rufi

Shi ne aikin farko na gaske. In soro ne kuma azararsa lafiya, a kankare tsohon yaɓen da ya mutu, a sake sabo da gangare zuwa indararo, a tabbatar indararon ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Soro ya fi kwano sanyi nesa ba kusa ba, duk wanda ya kwana Garwa a watan Afrilu ya san darajar wannan, sai dai yana son yaɓe kafin kowace damina. In ka san ba mai kula da shi, ɗora masa kwano a sama ka bar soron a matsayin silin, ka sami sanyi da tsaro gaba ɗaya.

Wajen kwano abu biyu ake sakaci da su. Na ɗaya ɗauri: katakon rufi a ɗaure shi da rodi siriri wanda ya nutse cikin bango sosai, ba a ɗora duwatsu a sama a ce an gama ba, domin iskar watan Mayu ba tura rufi take ba, ɗaga shi take. Na biyu baki: kwano ya zarce bango da aƙalla rabin mita ta kowane gefe. Wannan rabin mitar ita ce laimar bangon ƙasa. Katako kuma a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Mutanenmu na shafa baƙin mai, yana ɗan taimakawa, amma bai kai maganin da aka yi don haka ba.

Na shida: gindin bango

A tsofaffin unguwanni titi ya yi ta tashi shekara da shekaru har ya fi tsakar gida tudu, sai ruwan waje ya riƙa shigowa maimakon na ciki ya fita. A fara da wannan: a cike tsakar gida da gangare zuwa rariya, a buɗe magudana har kwata. Sannan a duba gindin da danshi da kanwa suka cinye. Inda ya zaizaye, a gyara shi mita ɗaya-ɗaya, a tsallake mita biyu, a yi na gaba, sai waɗanda aka yi sun kama a dawo kan na tsakiya. Kada ka taɓa yarda a haƙe gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan a rana ɗaya, ko da magini ya rantse ya saba. Haka bango ke faɗo wa mutane. A ranakun wannan aiki kada kowa ya kwana a ɗakin. Bayan an gama, a zagaye ginin da ɗan dakali mai gangare waje domin ruwan da ya zubo daga kwano kada ya tsaya a gindi.

Na bakwai: yaɓe, inda na yi asara

A ranin farko na matsu gida ya yi kyan gani. Magini ya ce, “Alhaji, a yi masa filastar siminti kawai, ba wanda zai san na ƙasa ne.” Na amince. Aka shafe bangon zaure da na ɗaki biyu, aka yi fenti, ’yan unguwa na ta sa albarka. Damina ɗaya ta wuce, ta biyu na tsaka, na ƙwanƙwasa bangon na ji yana amsawa kamar ganga. Wata safiya falle guda mai girman tabarma ya ɓallo ya faɗi daidai inda yara ke zaman karatun allo, Allah ya sa ba kowa. Abin da na gani a bayansa ya fi ba ni tsoro: ƙasar ta jiƙe sharkaf, ga hanyoyin gara kamar jijiyoyi.

Dalilin shi ne bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma ba ya miƙewa da takurewa tare da ƙasa, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje gida na sheƙi, daga ciki yana narkewa. Muka sauke sauran duka, muka bar bangon ya bushe wata guda, muka nemo wani dattijon magini ya yi yaɓen ƙasa da yashi da ciyawar da aka bari ta ruɓa cikin kwaɓin, ya bi saman da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da kakanninmu ke tare ruwa da shi. A ciki muka shafa farar ƙasa. In ka nace sai siminti, to a buga ragar waya da dogayen ƙusoshi a bangon tukuna, kwaɓin ya zama mai yashi da yawa, kuma sai bayan rufi da gindi sun hana ruwa isa bangon. Ni dai ban ƙara ba. Bangon bulo kuwa filastar siminti ce tasa, buhu ɗaya ga baro biyu zuwa uku na yashi mai laushi.

Na takwas: sabuwar ƙofa, wuta da famfo

Kafin yaɓen ƙarshe a gama duk wani fashe-fashe. In za a buɗe taga ko ƙofa a tsohon bango, linta, wato kankaren da ke ɗauke nauyin bango a saman ƙofa ko taga, ake fara sakawa, a tokare, sannan a fasa ƙasanta, kuma a nisanci kusurwa. Kankaren linta da ginshiƙi: buhu ɗaya, baron yashi ɗaya, baron tsakuwa biyu, ruwa daidai, ba kamar kunu ba. A shayar da shi safe da yamma kwana bakwai, a lulluɓe da tsofaffin buhuna masu jiƙa saboda iskar hunturu, kada a cire tokarar ƙasa kafin mako uku. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28.

Tsohon wayarin a cire shi duka, kada a yi masa faci. Waya ta bi cikin bututu, mai kaurin murabba’in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, na’urar sanyaya ɗaki da layinta daban, a kuma sa abin da ke katse wuta in ta sami matsala. A lokacin aiki wayar da mai walda ko mai yankan tayil ya ja kada ta kwanta a ƙasa inda ake zubar da ruwa. Bututun ruwa kuma, a gidan ƙasa, na fi son ya bi ta waje a bayyane. Bai yi kyan gani ba, amma ɗigon da ka gani yau za ka gyara shi yau, wanda ke cikin bango sai ya gama ɓarna.

Na tara: daɓe, silin, fenti

Waɗannan su ne kowa ke ɗoki, su ne kuma mafi sauƙi. A zuba maganin gara a ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe domin danshi kada ya hau. In ka ɗaga daɓe, ka auna ƙofa, kada manya su riƙa sunkuyo. Silin a bar masa ’yan kafofin iska masu raga a ƙarƙashin kwano don zafi ya fita, jemage kuma kada ya shiga. Sabuwar filasta a ba ta kamar wata guda ta bushe kafin fenti, kuma kada a yi fenti ranar da hazo ya sauko.

Kason ƙarshe na kuɗin mai rufi, ku yi yarjejeniya tun farko cewa sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu za a biya. Namu ruwan ya zo da daddare a farkon Yuni. Na tashi da tocila na bi ɗakunan, ina duba wuraren da na taɓa zana wa da’ira. Ɗakin Inna ne kaɗai ya ɗiga, a kusurwar gabas, inda ƙusa ɗaya ta kauce wa katako. Da safe na kira kafinta ya hau ya toshe, ya sauko na ƙirga masa cikon kuɗinsa a zaure.